Babin da Muka Cire

Shekara tara ke nan ina buga littattafai a Isa, kuma har yau idan na ce ina da maɗaba'a sai mutum ya leƙa bayana yana neman inji. Babu inji. Shago ne guda a jikin gidana, da tebur, da kwamfuta, da jan biro, sai ni Dalhatu. Idan littafi ya kammala in ɗauke shi zuwa Gusau a buga kwafi ɗari biyar, in dawo da su cikin kwalayen taliya. Bayan na yi ritaya daga koyarwa na buɗe wurin, na sa masa suna Maɗaba'ar Bakin Gulbi, na kuma yi wa kaina alkawari ba zan buga abin da zai sa ni gyangyaɗi ba. Labaran zambo nake so, da ƙagaggun labarai masu nauyi. Littafi goma sha huɗu na fitar. Biyu daga ciki sun sa wani tsohon kansila ya daina gaishe ni, kuma ban rame ba.

Cikin marubutana babu wadda ta kai Malama Zulaihatu, shugabar wata makarantar firamare a Sabon Birni. Babu kuma wadda ta kai ta ba ni ciwon kai. Mun taɓa yin sati biyu ba ma magana saboda waƙafi ɗaya da na goge mata. A ƙarshe ni na mayar da waƙafin, don ita ce da gaskiya, ko da yake ban taɓa gaya mata haka ba.

Zulaihatu tana da taubashi a Tozai, ɗan kawunta, sunansa Wada. Manomin gero da dawa ne, ya ba shekara sittin baya, ita kuma tana biye da shi da kaɗan. Tun suna yara suke tsiyar taubasantaka, kuma ba su taɓa hutawa ba. Shi yana kiranta Malama Ƙone-Tuwo, yana gaya wa duk mai kunne cewa ta kama rubutu ne don tukunya ta ƙi ta. Ita kuwa ta sami abin da ya fi wannan, don Wada yana da wata cuta da ba ta jin magani, cutar hasashen ruwa. Da bazara ta yi nisa sai ya fito ƙofar gida ya dubi gabas, ya shaƙi iska, ya duba tururuwa, ya ce, "Jibi ruwa." Daga nan ya je ya yi binne, ya zuba iri cikin busasshiyar ƙasa yana jiran ruwan da ya yi wa kansa alkawari. Sau nawa zabi da rana suka raba irin nan tsakaninsu, Allah kaɗai ya sani.

Sai ta sa shi cikin littafi. A littafinta na farko akwai wani mutum wai shi Na-Hadari, a na biyu ma ya sake fitowa. Babu wanda bai gane shi ba daga Turba har Kurawa. Wada ba ya karatun boko, ajami ya sani, amma littattafan nan biyu ba sa barin aljihunsa. Ya lanƙwashe kusurwar shafukan da yake ciki. Ranar kasuwa sai ya shigo shagona ya zauna a kan kwali ba tare da an ce ya zauna ba, ya miƙo mini.

"Malam Dalhatu, karanta man wurin da wagga marar kunya tay yi man ƙarya."

In karanta, ya yi ta dariya yana buga cinya yana rantsuwa sai ya kai ta ƙara wurin hakimi. Idan na tsallake layi don in gama da wuri sai ya kama ni, don ya haddace.

Bara da damina Zulaihatu ta kawo na uku, mai suna Kwamitin Rijiya. Labarin wasu dattawa ne da aka naɗa su haƙa wa gari rijiya, suka shekara bakwai suna zaman shawara a kan wanda zai riƙe igiya. Ta ajiye takardun a kan teburina ta ce, "Malam, wanga karon na gama da Wada. Duba babi na tara."

A babi na tara Na-Hadari ya gaji da hasashen ruwa ya koma hasashen ajalinsa. Ya tara mutane ya ce zai mutu ranar Alhamis bayan la'asar. Ya raba fartanyunsa, ya ba maƙwabci jakinsa, ya yafe wa kowa har da waɗanda ba su yi masa komai ba, ya kwanta ya rufe ido. Alhamis ta wuce. Ranar Juma'a yunwa ta tashe shi, ya bi gida gida yana karɓar fartanyu, jakin kuwa ya ƙi dawowa don ya sami gidan da ake ba shi dusa. Sau uku yana ɗaga ranar. Na karanta babin ni kaɗai a shago, na yi dariya har matata ta leƙo ta ga ko lafiya.

Muna cikin gyara, bayan an yanke gero, Wada ya faɗi a gona. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka kai shi asibiti a Sakkwato, ya yi sati uku, aka sallamo shi. Likita ya ce zai samu sauƙi idan ya ci abinci, ya sha magani, ya riƙa motsa hannun da ƙafar kullum. Na je Tozai na gaishe shi. Na tarar da mutumin da muryarsa ke cika kasuwa kwance a kan katifa, baki ya karkace, magana tana fita da ƙyar. Tausayi ya kama ni har na kasa daɗewa.

Da na dawo na zauna da babi na tara a gabana. Mutum yana kwance haka, ni kuma in buga littafin da ake yi wa mutuwarsa dariya? Na ɗauki jan biro na ja layi daga saman shafin farko har ƙasan na ƙarshe. Na bi sauran littafin na tsince sunan Na-Hadari duk inda ya leƙo. Sannan na kira Zulaihatu a waya.

"Malama, babi na tara ba shi shiga. Ba shi kamata yanzu."

Ta ce, "To, Malam."

Nan ya kamata in farka. Matar da ta yi sati biyu tana gaba da ni saboda waƙafi, yau na cire mata shafi goma sha ɗaya ta ce to. Amma ni sai na ji daɗi, na ma yaba wa kaina da hankali da sanin ya kamata. Haka na kai Gusau aka buga, littafi ya fito da kyau, na aika da kwafi guda Tozai kamar yadda na saba.

Kwana goma bayan haka, da hantsi, Hadiyya ta shigo shagona. Ita ce babbar 'yar Wada, tana aure nan Isa, amma tun da ya kwanta ta koma gida tana jinyarsa. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta fito da littafin daga cikin hijabi ta ajiye a kan tebur.

"Baba Malam, Baba yac ce in maido maka."

"Lafiya? Ko shafi ya ɓace?"

"Shi ma abin da yat tambaya ke nan." Ta share ido da gefen hijabi. "Ranar da anka kawo shi, shi da kainai yac ce a jingina shi da bango. Rabon da in ga haka tun kafin shi faɗi. Ina karanta mishi shina jira, kowane babi shi ce, 'To, gaba, yanzu za ni fito.' Kwana uku muna yi. Da munka kai ƙarshe yac ce na tsallake, in sake. Na sake tun daga farko. Da yag ga da gaske ba shi ciki, sai yaj juya ma bango fuska."

"Sai me ya ce?"

"Yac ce, 'Ashe likita ya gaya ma Zulai abin da bai gaya man ba.'"

Hadiyya ta ci gaba. Ta ce yau kwana huɗu kunu kaɗai yake kurɓa, shi ma da lallashi. Ya daina motsa hannun. Idan an zo ɗaga shi ya ce a bar wahalar da kai. Ta ce ba littafin kaɗai ba ne. Sau biyu Gwaggo Zulai ta zo duba shi, kuma duka biyun ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Sannu Malam Wada, Allah shi ba ka lafiya," da murya ƙasa ƙasa kamar a gaban suruki. Tana fita ya tambayi Hadiyya, "Waccan wa ta? Ban san ta ba."

Na fi shekara sittin a ƙasar nan. Na san taubashi ba ya daina yi wa taubashinsa tsiya sai an ɗauki ɗayansu zuwa makwanci. Kakata tana kan gadon ciwo taubashinta ya shigo ya ce ta tashi ta daina kwaɗayin fura da nono na marasa lafiya, ta zage shi tas, aka yi dariya. Na san wannan sarai. Amma ranar da aka zo kaina sai na manta, na ɗauki jan biro na yi wa mutum ta'aziyya yana da rai. Na ji haushin kaina ƙwarai, kuma da yake ni mutum ne, sai na fara neman wanda zan raba haushin da shi.

Washegari da safe, da motoci suka fara tashi, na shiga ta Sabon Birni. Takardun babi na tara suna cikin jakata, da jan layina a kansu. Na sami Zulaihatu a ofishinta tana duba rajistar malamai. Ko gaisuwa ban gama ba na fara.

"Ke da kike faɗa da ni kan waƙafi, mi yas sa kinka bar ni nic cire babi guda?"

"Kai kac ce ba shi kamata."

"Tun yaushe kike jin maganata?"

Ta rufe rajistar. Na gaya mata abin da Hadiyya ta ce, ban rage komai ba. Ina tsammanin za ta taso mini, na ma shirya amsa. Sai kawai ta kifa kai a kan tebur ta fashe da kuka. Ban taɓa ganin haka daga gare ta ba, na rasa inda zan sa idona, na yi ta kallon jadawalin darasi da ke bango.

Da ta ɗago ta ce, "Malam, na tafi da tsiyata a baki. Tun cikin mota nike shirya abin da za ni ce mishi. Za ni ce ya ga aikin sussuka ya matso shi yas sa yak kwanta. Ina shiga nig ga bakinai, sai maganar tam maƙale. Uwata ta tafi, ubana ya tafi, kawu ya tafi. Wada kaɗai yar rage wanda yas san ni tun ina yawo ba ɗankwali. In na yi mishi tsiya ya kasa maido man fa? Wannan nike tsoro."

"To ga shi kin yi mishi ladabi, ya bar cin abinci."

"Kai kuma ka cire shi daga littafi."

"Na cire. Laifina na. Tashi mu tafi."

Ta bar makarantar a hannun mataimakinta. Muka dawo Isa, daga nan muka sami motar Tozai. Duk hanyar takardun suna kan cinyarta ta danne su da hannu biyu. Muka isa bayan azahar. Hadiyya ta yi mana iso, ta kai mu har ƙofar ɗakin. Daga nan ina hango shi kwance, fuska ga bango, ga kwanon tuwo a rufe kusa da katifa ba a taɓa ba.

Zulaihatu ta tsaya a bakin ƙofa. Na ga gwiwarta tana neman lanƙwashewa don durƙuso. Na yi gyaran murya da ƙarfi. Ta miƙe, ta ja numfashi, ta shiga da takalmanta.

"Ina raggon nan da yag ga sussuka ta matso yak kwanta?"

Muryarta ta yi rawa a tsakiya, amma ta kai ƙarshe. Wada bai juyo ba. Ta jawo kujerar tsugunno ta zauna dab da kansa.

"An ce man wai ka bar cin tuwo za ka mutu. Nic ce su kwantar da hankalinsu. Kai da ba ka taɓa faɗin ranar ruwa an yi ruwa ba, in kac ce mutuwa za ka yi, to sai mu shirya ma shekara talatin."

Kafaɗarsa ta hagu ta motsa. A hankali ya juyo da kai, ya dube ta da ido ɗaya, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce wani abu da ban ji ba. Hadiyya ce ta saba da maganarsa, ita ta fassara, tana dariya tana hawaye.

"Wai wa yab bar Ƙone-Tuwo tas shigo, ku duba madafa."

Na matso na durƙusa kusa da shi na ce, "Wada, ba likita ba na, ba kuma Zulai ba ta. Ni nic cire ka. Tun damina tar rubuta, nig ga kana kwance nij ji tausayi." Na nuna masa takardun da jan layin. Ya dubi layin, ya dube ni. Wannan karon na ji maganarsa da kunnena, don ya ja ta a hankali ya tabbatar ta fita.

"Tausayi... wa yar roƙe ka?"

Na karɓi laifina.

Ya ce a jingina shi. Ni da Hadiyya muka ɗaga shi muka sa masa matashi a baya. Zulaihatu ta sa tabarau ta fara karanta babi na tara. Da farko tana sauri kamar mai son ta gama ta gudu. Da aka zo inda Na-Hadari ya yafe wa mutanen da ba su yi masa komai ba, wani sauti ya fito daga ƙirjin Wada, muka tsorata gaba ɗaya, ashe dariya ce ke neman hanya. Daga nan ta sassauta, ta fara yin muryar Na-Hadari yadda take yi a da, da jan hanci da komai. Matan gidan suka taru a bakin ƙofa. Da aka kai wurin jaki, Wada ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da ita.

"Ƙarya ta. Jakina ba shi cin dusar Usmanu. Usmanu marowaci na."

Usmanu maƙwabcinsa ne, kuma yana tsaye a tsakar gida yana ji. Ya ɗaga murya ya ce sai dai in jakin ya gaji rowar daga ubangidansa. Gida ya kaure da dariya.

Da ta gama, Wada ya juyo gare ni. Ya ce sai na buga babin. Na ce littafi ya riga ya fita, amma zan buga shi shi kaɗai, ɗan ƙarami, kuma idan an sake bugu zai koma wurinsa tsakanin na takwas da na goma. Ya ce a gyara maganar dusa. Zulaihatu ta ce ba za ta gyara ko waƙafi ba, idan yana da ƙara ya tashi da ƙafarsa ya kai wa hakimi. Ya ce za shi. Sannan ya dubi kwanon da ke gefensa.

"Wa yad dafa wancan?"

"Ni," in ji Hadiyya.

"To buɗe. Tun da ba ita ba ta."

Hadiyya ta buɗe kwano, ta kawo ruwa ta wanke masa hannun hagu. Ya yanki loma da kansa, rabi ya zube a kan rigarsa, rabi ya shiga. Ya sake yankar wata. Zulaihatu ta kalli loma ta biyu ta shiga, sai ta miƙe ta ce za ta sha iska, ɗakin nan warin raggo yake.

Na bi ta daga nesa. Ta zagaya bayan rumbu ta dafa shi da hannu ɗaya, ta toshe baki da mayafi don kada a ji, kafaɗunta suna girgiza. Na tsaya inda nake, ban matsa ba, ni ma idona ba a bushe yake ba.

Can muryar Wada ta fito daga ɗaki, a karkace, amma ta kai har bayan rumbu.

"Ku ce ma waccan ta dawo! Ban gama da ita ba!"

Zulaihatu ta goge fuska da mayafi, ta fyace hanci, ta gyara tabarau. Ta dube ni ta ce, "Malam, idona ya nuna?"

Na ce ya nuna.

"To ka ce hayaƙin madafa na," in ji ta, ta juya ta koma ɗakin da sauri, tun daga tsakar gida tana ɗaga murya tana tambayarsa ko ya tsai da ranar da za a yi ruwan baɗi.